Haƙarƙarin Jatau

An yi wani kare mai suna Jatau a gidan wani tsohon likitan dabbobi, Dakta Bulus, can bayan garin Jos inda duwatsu suka fi gidaje yawa. Jatau dogo ne, ja, siriri, irin karnukan nan na Buzaye masu dogayen ƙafafu, waɗanda in sun tashi gudu ko barewa sai ta yi da gaske. In ya tsaya a rana, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa ba sai ka shigo gidan ba.

Yana da ƙanwa mai suna Ƙyalla. Da minti goma ya girme ta, kuma bai taɓa yafe mata ko minti ɗaya daga ciki ba, dole ta ce masa Yaya. Dakta ya samo su ne suna 'yan kwikwiyo a wani zangon makiyaya can arewa, lokacin da ya je yi wa shanu allura. Ita Ƙyalla ba ta da wani buri a duniya da ya wuce gudu. Da sassafe za ta zaga katangar gidan sau ashirin, da yamma ta sake, ba mai korarta, ba wanda take kora.

Na ukunsu shi ne Basamude, wani ƙaton baƙin kare mai faɗin ƙirji, kansa kamar turmi. Kakanninsa daga ƙasar Turawa suka zo, kuma yana da takardar da ta tabbatar da haka har kaka bakwai. Shekara biyu da suka wuce shi ya ci Babbar Gasar Karnuka da ake yi a babban birni. Ba sai ka tambaye shi ba. In ka zauna kusa da shi na ɗan lokaci za ka sani.

A barandar Dakta akwai hoton wannan rana. Ga Basamude tsaye a kan wata koriyar darduma, ga kofi a gabansa, ga Dakta yana murmushin da bai saba yi ba. Kullum da la'asar, in rana ta faɗo kan gilashin hoton, Jatau kan zo ya kwanta a ƙasansa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya yi ta kallo. Ba kofin yake kallo ba. Kofi ba a ci, ba a sha. Dardumar yake kallo.

Shi kaɗai ne a gidan ke roƙon Basamude ya sake ba da labarin gasar. Basamude kuwa ba ya ƙin taimakon mabuƙaci.

Yakan fara da cewa ba kowane kare ke shiga ba. Sai wanda ke da takardar asali, kuma ya taɓa zuwa na ɗaya a wata ƙaramar gasa. Ana rufe rajista wata biyu kafin ranar, a buga sunan kowa a littafi, kowa da lambarsa. In an je, likita ya duba ka a bakin ƙofa, sannan a kai ka layin danginka, domin kowane irin kare da fagensa da alƙalinsa. Maza su fara, aji-aji, daga yara zuwa manya. Sannan mata. Namijin da ya fi duk maza ya kara da macen da ta fi duk mata, wanda ya ci shi ne zakaran irinsa.

Daga nan sai a tara zakarun rukuni-rukuni: masu gadi wuri ɗaya, masu farauta wuri ɗaya, masu kiwo, masu shiga rami, har da 'yan mitsi-mitsin nan da mata ke ɗauka a hammata. Rukuni bakwai ne, kowanne ya fitar da gwani ɗaya. Karnuka dubu da wani abu ke shiga da safe. Bakwai kaɗai ke taka dardumar da yamma.

"Daga nan fa sai shirun," in ji Basamude.

Nan ne Jatau kan ɗago kai, duk da ya ji sau hamsin.

"Alƙali zai bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya koma tsakiya ya tsaya. Mutum dubu biyar, yaro, ba mai tari. Har ƙarar tutar da ke saman rumfa kana ji. Sai ya ɗaga hannu. Kafin hannun nan ya nuna wani, kowa a cikinmu zakara ne. Ban taɓa jin abu irinsa ba."

Wannan kaɗai ne wurin da Basamude ke magana a hankali, kuma shi ne kaɗai abin da Jatau ke so a rayuwarsa. Bai ma kai ga son hannun ya nuna shi ba. So yake ya tsaya a cikin shirun nan sau ɗaya, a kan ƙafafunsa huɗu.

A bara Dakta ya kai Jatau da Ƙyalla wata ƙaramar gasa a cikin gari, bayan ya sha wahalar sama musu takardu. Duk su biyun suka zo na ɗaya a ajinsu, wato hanya ta buɗe. A bana kuma, wata rana da safe, Jatau na kwance a baranda ya ji Dakta na gaya wa matarsa, Mama Rifkatu, cewa ya yi wa karnuka uku rajista, kuma wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara gardama da hanya. Daga bana ya ajiye.

Jatau ya tashi ya nufi inuwar mangwaro inda Basamude ke hutawa daga hutun da ya yi da safe.

"Ranka ya daɗe, an sa sunana."

Basamude ya buɗe ido ɗaya, ya dube shi daga kunne har jela. "An sa sunanka. To jikin fa, yaushe za a kawo?"

"Wane jiki?"

"Wanda za a nuna wa alƙali. Ko wannan kwandon za ka kai masa?"

Ƙyalla, da ta tsaya shan ruwa a kusa, ta ce ai da wannan kwandon ya ci gasar bara. Basamude ya ce gasar bara ba gasa ba ce, taron 'yan unguwa ne, kuma alƙalin tausayi ya ji. Ya ce shi ya tsaya a gaban babban alƙali, ya ji da kunnensa abin da aka yaba: faɗin ƙirji, kaurin wuya, cikar cinya. Ko kalma ɗaya ba a ce game da haƙarƙari ba.

"Kai aka duba, ai dole a yabi abin da ke jikinka," in ji Ƙyalla.

"Yarinya, sau nawa kika je Babbar Gasa?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Wannan "to" ɗin ta kashe maganar. Jatau ya ce wa Ƙyalla ta riƙa sanin da wa take magana. Ta ce ta sani, shi ya sa ta yi a taƙaice. Ta koma gudunta.

Tun daga ranar Jatau ya fara ganin kansa a ruwan kwano. Da can ruwa kawai yake gani. Yanzu sai ya ga ƙasusuwan ƙugu biyu a tsaye kamar ƙahon ɗan maraƙi, ya ga ciki a ɗame, ya ga haƙarƙari huɗu a jere kowanne na gaishe shi. Ya koma ya dubi hoton. Babu ƙashi ko ɗaya a hoton nan.

Matsalar ita ce Dakta da awo yake ba su abinci. Yana da wani ɗan gwangwani, Basamude cike huɗu, Jatau da Ƙyalla ɗaya da rabi. Jatau ya daɗe yana zargin rowa ce. Yanzu ya tabbata har da son kai.

Ana haka sai Allah ya kawo masa abin da ya ɗauka sauƙi ne. 'Yar Dakta, Saratu, ta haihu a wani gari mai nisa, jaririn kuma ya zo da 'yar rashin lafiya. Mama Rifkatu ba ta iya doguwar mota saboda bayanta, sai Dakta ya tafi, da niyyar kwana goma. Ya yi mako shida. Kafin ya tafi ya damƙa wa matarsa gwangwanin, ya yi mata bayani sau uku. Ta ce ta ji.

Ta ji ɗin. Yarda ce ba ta yi ba. Mama Rifkatu mace ce da ke ɗaukar ramar duk wani mai rai a gidanta a matsayin zagi gare ta. Shekara shida tana kallon karnukan nan biyu tana jin kunyar baƙi. Motar Dakta ba ta kai kwalta ba Mama ta mayar da gwangwanin ma'aunin gishiri.

Aka shiga zuba tuwon jiya da romon kai, da ƙanzon shinkafa, da fatar kaza, da gwaten da ya kwana. Ƙyalla ta ci iya cikinta ta bar saura. Jatau ya cinye nasa, ya cinye sauran nata, ya je ya zauna a ƙofar kicin ya karkatar da kai yana kallon Mama da idon marayu.

"Allah sarki," in ji Mama. "Dubi yadda mutumin nan ya mayar da kai." Ta ƙara masa.

Ba daɗi yake ji ba, a gaskiya. Cikinsa bai saba ba, kwana ukun farko ya sha wuya. Amma in ya ji kamar ya bari, sai ya je ya dubi hoton, ya dawo ya ƙarasa kwanon kamar mai shan magani. Gudu kuma ya daina, domin Basamude ya ce gudu ne ke zubar da abin da aka tara.

A mako na uku haƙarƙari ɗaya ya ɓace. A na huɗu saura ɗaya, shi ma sai an duba da kyau.

Wata safiya Ƙyalla ta tsaya a kansa tana haki. "Yaya, taso mu zaga ko sau biyu."

"Ina da aiki."

"Wane aiki? Kwance kake."

"Shi ne aikin."

Ta ce masa tafiyarsa ta canza, da can in yana sassarfa ba a jin ƙafarsa, yanzu tun daga bayan gida take sanin ya taso. Ya ce nauyi ke nan, kuma nauyi shi ne daraja. Ta ce ita dai ta san mahaifiyarsu ba ta fi haka kauri ba, kuma a duk zangon ba wanda ya ce ta rame. Ya ce mahaifiyarsu ba ta taɓa ganin darduma ba.

"Baƙin ciki kike yi," in ji shi. "Kin san in na ci maza, ke kika ci mata, ni da ke za mu kara. Tun yanzu kin fara jin tsoro."

Ƙyalla ta ce, "In dai darduma ce, Yaya, na bar maka. Ni ko tabarma ba ta dame ni ba."

Basamude, daga inuwarsa, ya ce an fara ganin alamar kare a jikin yaron. Wannan yabo ya riƙe Jatau har kwana biyu.

Saura kwana huɗu gasa Dakta ya dawo. Ya fito daga mota, karnuka suka taho tarbarsa. Ƙyalla ta iso, Basamude ya iso, sannan wani jan kare mai kama da buhun masara a kan sanduna huɗu ya iso daga baya yana numfashi. Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai canza ba. Ya nemi benci ya zauna.

"Maman Saratu, ina gwangwanin?"

"Yana nan lafiya, gishiri nake aunawa. Ka ga yadda ya murmure? Ƙyalla ce dai ta ƙi, mai taurin kai irin naka."

Dakta mutum ne da ya yi shekara arba'in da aure, don haka ya ce sannu da ƙoƙari. Ya shafa gefen Jatau, ya danna, ya sake dannawa. Jatau ya ɗauka sha'awa ce, ya ƙara buɗe ƙirji. Dakta ya yi tunanin barinsa a gida. Amma sunansa na cikin littafi, kuma tafiyar ƙarshe ce, kuma tun da aka fito da kejin tafiya Jatau ya shige nasa ya ƙi fita. Dakta ya ce to, a je a gani.

Filin gasar ya fi yadda Basamude ya faɗa, abin da ba kasafai ke faruwa da labarin Basamude ba. Rumfuna har iyakar gani. Karnuka iri-iri: masu gashi har ƙasa, marasa gashi sam, masu kunne kamar faifai, masu fuska kamar an rufe ƙofa a kanta. Ana taje wasu, ana busar da wasu da injin iska, wata mata na goge wa nata haƙori da buroshi. Can a tsakiya, an kewaye da farar igiya, ga koriyar dardumar, ba kowa a kanta. Jatau ya hango ta ta tsakanin ƙafafun mutane lokacin da ake wucewa da su. Ta fi ta hoton kore. Sai da Dakta ya ja igiya sau biyu kafin ya motsa.

A layin danginsu suka tarar da karnukan Buzaye mata uku, duk sirara kamar Ƙyalla. Jatau ya ji tausayinsu. Da ya waiga neman maza kuwa, bai ga ko ɗaya ba. An yi wa wani rajista daga nesa, motarsu ta lalace a hanya.

"Kai kaɗai ne namiji," in ji Basamude daga kejinsa. "Ko gurgu ne kai ka ci. Saura ƙanwarka, ita kuma ka ga abin da ta zo da shi."

Jatau ya ƙirga. Mataki uku ya rage tsakaninsa da shirun.

Alƙalin fagensu wani dattijo ne mai furfura, wanda aka ce ya yi shekara talatin yana leƙa bakin karnuka kuma har yanzu yatsunsa goma ne. A kan teburinsa akwai katuna, ja na wanda ya zo na ɗaya, shuɗi na na biyu, domin a nan ba kamar ƙwallo ba ne, jan kati shi ake nema. Kusa da katunan akwai wani littafi da ya sha hannu.

Aka kira lambar Jatau. Dakta ya shiga da shi, ya jera masa ƙafafu, ya ɗaga masa haɓa. Alƙali ya tsaya daga nesa ya dube shi ta gefe, ya daɗe. Ya matso ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora, ya gyaɗa kai. Ya duba ido da kunne, ya gyaɗa kai. Ya bi wuya da kafaɗa da tafin hannu. Da ya iso gefen ciki sai hannun ya tsaya. Ya lalluba. Ya matsa gaba kaɗan ya sake lallubawa, kamar mai neman makulli a aljihun babbar riga.

Sannan ya ce a zaga da shi. Da can in Jatau na sassarfa sai ka ce ƙasa ce ke tura shi sama. Yau ƙasa ta riƙe abinta. Kafin su gama zagaye ɗaya harshensa ya fito, bayansa na rangaji hagu da dama. Wani a bakin igiya ya tambayi na kusa da shi ko wannan wane iri ne.

Alƙali ya koma teburinsa, ya buɗe littafin, ya karanta wani wuri da alama ya riga ya haddace. Ya ɗauki kati ya taho. Shuɗi ne.

"Ranka ya daɗe," in ji Dakta a hankali, "shi kaɗai ne a ajin."

"Ba shi kaɗai ba ne, Dakta. Akwai na cikin littafin, kuma wancan ya fi shi."

Ya juyo da shafin ya nuna masa, duk da ya san Dakta ya sani. Kowane irin kare da siffarsa a rubuce, kuma da ita ake auna shi, ba da karen da ke tsaye kusa da shi ba. Siffar karen Buzaye ta ce ya zama busasshe, ciki a ɗame, ƙashin ƙugu a bayyane, haƙarƙari uku ko huɗu ana gani da ido.

"Ƙashinsa mai kyau ne," in ji alƙalin. "Na tabbata yana ciki, na taɓa shi. Amma littafi ya ce a gani, bai ce a tono ba. Da a ce wata biyu da suka wuce ka kawo mini shi, ina jin da mun yi wata maganar."

Haka Jatau ya zo na biyu a gasar da shi kaɗai ya shiga. Kuma wanda bai zo na ɗaya ba, ba ya wucewa gaba.

Aka mayar da shi keji a bayan rumfa, aka maƙala shuɗin katin a ƙofar. Basamude ya dubi katin, ya ce alƙalan ƙananan fagage dama sai a hankali. Jatau ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. A karo na farko tun da ya san Basamude, bai ji yana son ƙarin bayani ba.

Sauran abin da ya faru, da kunne ya gan shi. Ya ji lasifika ta ce Ƙyalla ta ci mata. Da yake babu namijin da zai kara da ita, ta zama zakarar irinsu ba tare da ta sake ɗaga ƙafa ba. Bayan azahar ya ji an kira rukunin masu farauta, ya ji tafi, ya ji lambarta. Basamude ma ya ci rukunin masu gadi, ya dawo ya sha ruwa, ya ce dama an sani. Da la'asar Dakta ya zo da wani abokinsa, ɗaya ya riƙe Ƙyalla, ɗaya ya riƙe Basamude. Ƙyalla ta tsaya a gaban kejin kamar za ta yi magana. Aka ja igiyarta.

Layin ya zama ba kowa, duk an tafi kallo. Daga inda Jatau yake, in ya manna fuska da ƙarfen keji, yana iya ganin bayan mutane da saman rumfa da tuta. Ya manna.

Ya ji ana kiran su bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tafinsa. Ya ji tafin na bin kowane kare yana zaga fili. Ya gane na Ƙyalla, domin ya fi sauran saurin zagayowa. Daga nan hayaniyar ta fara raguwa, ta ragu, ta ɗauke.

Basamude bai yi ƙarya ba. Ana jin tutar.

Jatau ya ga ya miƙe tsaye a cikin kejin ba tare da ya yi niyya ba. Ya jera ƙafafunsa, ya ɗaga haɓa, kansa na taɓa rufin. Ya tsaya haka, ba mai ganinsa, har filin ya fashe da tafi.

Wanda hannun ya nuna wani ɗan farin kare ne mai suna Auduga, wanda Basamude zai iya haɗiyewa ba tare da ya nemi ruwa ba. A cikin bakwai ɗin shi ya fi kama da abin da aka rubuta game da irinsa. Ƙyalla ta zo ta biyu. Basamude ya zo cikin sauran biyar, waɗanda alƙali ya gode musu da zuwa.

Washegari a hanyar gida, keji uku a bayan mota, Basamude ya yi bayani tun daga fitowa gari har hawan dutse cewa gasar ta lalace, yanzu ɓeraye ake ba kofi. Da ya ga ba mai tayawa, ya juya baya ya yi barci.

Sun yi tafiya mai nisa kafin Jatau ya yi magana, kuma bai dubi ƙanwarsa ba.

"Yaya yake, daga ciki?"

Ƙyalla ta yi tunanin ta ce masa ba wani abu ba ne. Amma ba ta saba yi masa ƙarya ba, kuma ta san zai gane.

"Yadda aka gaya maka ne," ta ce. "Ya ma fi. Ni da ban damu ba, sai da abin ya kama ni."

Jatau ya gyaɗa kai.

"Da alƙalin ya ɗaga hannu, na waiga wajen rumfarmu ko zan hango ka. Ina jin shi ya sa na zo ta biyu. Ba a son a waiga."

"Da ba ki waiga ba."

"Na sani, Yaya."

Dakta Bulus mutum ne mai cika magana, bai sake zuwa gasa ba. Kafin damina ta tsaya Mama Rifkatu ta ga keji uku na zaune a banza, ta sa aka jera su a bayan kicin, ta zuba musu ciyawa. Kajinta sun ji daɗinsu ƙwarai, musamman na tsakiyar, wanda wata wake-waken kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya tara a ciki.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka fara gyaran kanka, ka bincika da wane ma'auni za a auna ka. Mai ba ka shawara, ko da zuciya ɗaya ya ba ka, yawanci siffar kansa yake kwatanta maka, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Jatau bai rasa komai ba sai da ya ƙara abin da ba a nema ba, ya binne abin da aka zo gani. Yara, ku yi buri, buri ba laifi ba ne. Amma ku lura kada kwaɗayin zama wani ya cinye muku damar da aka ba ku a matsayin kanku, domin wata damar sau ɗaya take zuwa, kuma ba ta jiran mutum ya rame.